Dole sai da hoton eksire za a riƙa bibiyar karkacewar ƙashin bayan yarinya?

Maman Hanan:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, musamman daga likitoci da iyayen da suka riga ni shiga wannan lamari. 'Yata shekararta 12. Wata bakwai da suka wuce na lura duk rigar da ta sa sai gefe ɗaya ya fi ɗaya sauka, na ɗauka ɗinkin ne bai yi daidai ba. Ranar da ta sunkuya tana ɗaura igiyar takalmi ina tsaye a bayanta, sai na ga haƙarƙarinta na dama ya taso kamar an cusa tsumma a ƙarƙashin rigar, na hagu kuwa ya kwanta. Gabana ya yanke ya faɗi. Muka je asibiti aka yi hoton eksire, likita ya ce karkacewar ƙashin baya ce, wadda suke kira sikoliyosis, digiri 19. Ya ce ba abin yi yanzu sai sa ido. Bayan wata shida aka sake hoto, ya nuna 22, ya ce mu kuma dawowa.

Abu biyu ke hana ni barci. Na ɗaya, hoton nan da za a yi ta haska mata a ƙirji har ta gama girma, ba zai yi mata illa ba? Na biyu, likita na kallon ƙashi a allo, ita kuwa yarinyar tudun bayanta ne ya dame ta, ta daina sa duk kayan da ke bin jiki. Ba wata hanyar auna jikin daga waje ba tare da haske ba?

Anti Mai Gashi:
Wa alaikumus salam. Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba ta lafiya. Ni a sashen gashi nake aiki, irin yaran nan kullum muna tare da su. Akwai hanyoyi, kuma ta farkon ma kin riga kin yi da idonki ba ki sani ba. Kallon bayan yaro yana sunkuye shi ne gwajin Adams, wani likitan Ingila ne William Adams ya bayyana shi tun 1865. Yaro ya haɗe ƙafafu, gwiwa a miƙe, ya haɗa tafukan hannu ya sunkuya hannuwan na reto, mai dubawa ya tsaya ta baya ya sauke idonsa daidai da gadon bayan. Dalilin da tudun ke fitowa shi ne ƙashin bayan ba gefe kawai yake lanƙwasawa ba, murɗewa yake yi kamar an matse wanki. Haƙarƙari a jikinsa suke, to idan ya murɗe sai ya tura na gefe ɗaya baya, ya ja na ɗaya gefen gaba.

Wannan tudun ana aunawa da wani ɗan ma'auni mai suna sikoliyomita. Kamar ma'aunin ruwa na magina yake, da ɗan ƙwallo a cikin bututu, ƙasansa kuma an yi masa gurbi da zai hau kan ƙashin baya. A ɗora shi daga ƙasan wuya a riƙa saukowa a hankali har tsatso, a rubuta lamba mafi girma da ƙwallon ya nuna a wajen ƙirji da kuma a wajen kwiɓi. Minti biyu an gama, ba haske ba allura. Kina iya cewa a riƙa yi mata duk wata uku.

Baban Sadiq:
Hajiya, don Allah kada ki bari a ruɗe ki da ma'aunin roba. Ni na ga abin da idona. Ɗana yana shekara 13 aka gano nasa a digiri 24. Muka tsorata da maganar haske kamar yadda kika tsorata, muka koma wajen wani mai motsa jiki da ke ɗaukar hoton bayansa da waya duk wata yana ce mana ai ana samun sauƙi. Shekara ɗaya da rabi ba mu yi eksire ba. Ranar da muka yi, 47. Likitan ya ce da mun zo yana digiri 30 da rigar ɗauri, wato riga mai tauri da ake ɗaure jiki da ita don kada ƙashin ya ƙara karkacewa, ta iya tare shi, yanzu kuwa sai maganar tiyata. Har yau ban yafe wa kaina ba. Ciwon a ƙashi yake, ƙashi kuma eksire ke nuna shi. Ki yi abin da likitanku ya ce.

Maman Hanan:
Innalillahi. Allah ya ba shi lafiya Baban Sadiq. Wallahi irin wannan labarin ne nake tsoro.

Dakta:
Salamu alaikum. Ni likitan ƙashi ne, bari in fara da lambobin da aka ba ki, domin in kin fahimce su rabin fargabar za ta tafi. Digirin nan sunansa kusurwar Cobb, daga John Cobb, likitan Amurka da ya tsara yadda ake aunawa a 1948. A kan hoton ake zaɓar ƙashin da ya fi karkata a saman lanƙwasar da wanda ya fi karkata a ƙasanta, a ja layi a kan kowanne, a auna kusurwar da ke tsakani. Daga digiri 10 ake kiran abin sikoliyosis. Amma awon yana da kuskurensa: likita biyu su auna hoto ɗaya, ko likita ɗaya ya auna sau biyu, ana iya samun bambancin digiri 3 zuwa 5. Yadda yaro ya tsaya ma yana canza shi. Shi ya sa ba ma cewa lanƙwasa ta ƙaru sai bambancin ya haura 5. Daga 19 zuwa 22 yana cikin wannan tazarar, don haka ba za a ce ta ƙaru ba, ba kuma za a ce ta tsaya ba.

Abin da ya sa likitanku ya ƙi sakin jiki shi ne shekarunta. Lanƙwasar tana gudu ne lokacin da yaro ke tsawo da sauri, a mata kuwa wannan lokacin yana zuwa ne gab da fara al'ada. Ta fara? Kuma kin san tsawonta na wata shida baya?

Maman Hanan:
Ba ta fara ba Dakta. Tsawo kam tana yi, duk siket ɗinta sun ɗage, amma ban auna ba.

Dakta:
To ta shiga lokacin da ya fi buƙatar sa ido. Ki fara auna tsawonta duk wata a jikin bango ɗaya, ba takalmi, da safe, ki rubuta. Wannan ma awo ne da ba haske a cikinsa, kuma yana gaya mana abu mai yawa.

Batun haske kuwa, tsoronki yana da tushe, ba zan ce miki ba komai ba. A shekarar 2000 an wallafa wani bincike a Amurka kan mata sama da 5,500 masu wannan lalura waɗanda aka gano nasu tsakanin 1912 da 1965. Kowace an yi mata hoto kusan 25 a matsakaici, kuma mutuwa ta sankarar mama a cikinsu ta haura abin da ake tsammani da kusan kashi 70 cikin ɗari. Sai dai injinan wancan zamanin suna zuba haske mai yawa ƙwarai in aka kwatanta da na yanzu, kuma ta gaba ake haska su. Yanzu ana juya yarinya ta ba injin baya, hasken ya shiga ta baya, abin da ke isa ga mama ya ragu sosai. Ki tabbatar haka ake yi mata. Hoton gefe kuma ba kowane zuwa ake buƙatarsa ba. Akwai ma injin da ake kira EOS, ƙirar Faransa, da aka gina kan binciken Georges Charpak wanda ya ci kyautar Nobel a 1992, haskensa kaɗan ne, amma ba kowane asibiti ke da shi ba.

Anti Mai Gashi:
Baban Sadiq, na ji zafin abin da ya same ku, kuma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma dole ya ja da baya. Amma abin da aka yi wa ɗanka ba awo ba ne. Ɗaukar hoto da waya a kalla a ce ana samun sauƙi, ba lamba, ba ma'auni, ba ranar da aka sa za a koma wajen likita, wannan sakaci ne. Ni ban ce a bar eksire ba. Cewa na yi tsakanin hoto da hoto akwai wata huɗu ko shida da ba wanda ya san me ke faruwa, kuma a wannan tsakanin ne ma'aunin waje ke aiki. Da ana ɗora wa Sadiq sikoliyomita duk wata uku, da wuya lanƙwasa ta tashi daga 24 zuwa 47 ƙwallon bai motsa ba.

Baban Sadiq:
Da wuya kika ce, Anti, ba ki ce ba zai yiwu ba. Dakta, gaya mana gaskiya, ma'aunin nan yana iya cewa lafiya lau alhali ƙashi na tafiya?

Dakta:
Yana iya yi, kuma a nan zan ɗan saɓa wa Anti. William Bunnell ne ya fito da sikoliyomita a 1984, don tantance wanda ya kamata a tura asibiti. Da farko ya sa iyakar a digiri 5, daga baya aka fi amfani da 7, wanda a mafi yawan yara ya yi daidai da kusurwar Cobb wajen 20. Amma digirinsa daban, na Cobb daban. Shi murɗewar jiki yake aunawa, Cobb kuma karkatar ƙashi zuwa gefe. Sukan tafi tare, ba kullum ba. Lanƙwasar ƙirji tana da haƙarƙari da ke tona mata asiri. Ta ƙasan baya ba haƙarƙari a wurin, tsoka ce kawai ke ɗan tasowa, don haka tana iya yin nisa ma'aunin na nuna 4 ko 5. Yaro mai jiki ma kitse yana lulluɓe tudun. Sannan in ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ƙugu zai karkata ya ba da tudun ƙarya, shi ya sa muke sake gwajin yaro yana zaune.

Saboda haka ni ba na yanke hukuncin sa rigar ɗauri ko tiyata da ma'aunin waje, ko da wane iri ne. Iyakokin da muke aiki da su duk na Cobb ne: ƙasa da 25 sa ido, 25 zuwa 40 ga yaron da bai gama girma ba rigar ɗauri, 45 zuwa 50 a fara maganar tiyata. Babban gwajin da aka wallafa a 2013, na Amurka da Kanada, ya nuna kashi 72 cikin ɗari na masu sa rigar ba su kai matakin tiyata ba, a masu sa ido kawai kuwa kashi 48. Wannan ƙofar tana rufewa in aka makara, abin da ya faru da Sadiq ke nan. Hanan tana digiri 22, iyakar 25, ba ta fara al'ada ba. Hoto na gaba ba na fashi ba ne.

Yaya Ummi:
Tun ɗazu nake karantawa, bari in sa baki, domin ni mai ɗakin ce, na san inda yake yoyo. An yi mini tiyata ina da shekara 16. Kafin aiki lanƙwasata 58, bayan aiki 21. Likitoci suka yi ta murna, suna nuna wa iyayena hotuna biyu a jere, ga ƙarafuna sun miƙar da ƙashi. Ni kuma da na samu na iya tsayuwa, na sa madubi biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, sai na ga tudun haƙarƙarina yana nan, ya ragu kaɗan kawai. Kwiɓina na hagu har yanzu a lotse, na dama a miƙe. Na yi kuka ranar fiye da kukan ciwon aikin. Shekara huɗu ina zuwa asibiti, an yi mini hoto ban san iyaka ba, amma ba wanda ya taɓa auna abin da ni nake gani, ba kuma wanda ya tambaye ni wane ɓangare na jikina ya fi damuna. Da an tambaye ni, da an gaya mini tun farko cewa miƙar da ƙashi ba lallai ya kwantar da haƙarƙari ba, da na shiga ɗakin tiyata da sanin abin da zan tarar.

Maman Hanan, tambayarki ta biyu ita ce ta 'yarki. Kada ki bari ta ɓace a cikin maganar digiri. Yarinyar da ta daina sa kayan da take so tana gaya miki wani abu ne da bakinta bai iya faɗa ba.

Maman Hanan:
Yaya Ummi kin sa ni hawaye. Jiya ma na gan ta tana gyara tsayuwa a gaban madubi tana ɗaga kafaɗa ɗaya, da ta hango ni sai ta wayance.

Anti Mai Gashi:
Allah ya saka miki Yaya Ummi, abin da nake ta son faɗa ke nan. Siffar jiki ita ma ciwo ce mai zaman kanta, kuma tana da ma'aunanta. Akwai wanda likitocin Italiya suka tsara a 2009, TRACE. Abu huɗu ake dubawa daga baya: kafaɗu, allon kafaɗa, haƙarƙari, da kwiɓi. Kowanne a ba shi maki gwargwadon yadda ya saɓa da ɗan'uwansa, a haɗa, jimillar daga 1 zuwa 12. Kwiɓi ne ke da maki mafi yawa, kuma duk wanda ya zauna da 'yan matan nan ya san dalili, shi ne abin da riga ke fara nunawa. Akwai POTSI daga Japan, wanda ake lissafawa a kan hoton baya na kamara: a sa alama a ƙashin da ke tasowa a ƙasan wuya, kan kafaɗu, lungun hammata, lotsawar kwiɓi, a auna nisan kowanne daga tsakiya da kuma bambancin tsayinsu. Jiki mai daidaito sifili yake bayarwa, lambar na hawa yadda karkatar ke ƙaruwa. Har igiya mai nauyi a baki muna amfani da ita: a riƙe ta a wannan ƙashin na wuya a sake ta, a ga santimita nawa ta kauce daga tsakiyar ɗuwawu.

Sai waɗanda yarinyar ce da kanta ke cikawa. Akwai wata takarda daga Sifen, TAPS, zane ne na jiki iri biyar daga miƙaƙƙe zuwa mai tsananin karkata, ta baya, a sunkuye, da ta gaba, a ce ta nuna wanda take ganin ya yi kama da ita. Akwai kuma tambayoyi 22 na ƙungiyar binciken sikoliyosis, SRS-22, da ke taɓo ciwo, harkokin yau da kullum, yadda take kallon jikinta, da kwanciyar hankalinta. Na sha ganin yarinya mai digiri 20 ta zaɓi zanen da ya yi kama da mai 50. Wannan ba eksire ɗin da zai nuna shi.

Injiniya:
Gafara dai manya, ni ɗalibi ne a fannin na'urorin asibiti, ina so in ƙara a kan maganar Anti. Awon bayan mutum da haske marar illa ya daɗe. A 1970 wani masani a Japan, Takasaki, ya nuna in aka haska fitila ta cikin raga mai siraran layuka, inuwar na zana wa jiki zobba irin na taswirar tsaunuka. Bayan da ke daidai, zobban hagu da dama iri ɗaya ne. In akwai tudu, gefe ɗaya zai fi yawa. Da wannan aka riƙa tantance 'yan makaranta a Japan. A shekarun 1980 Drerup da Hierholzer a Jamus suka kai abin ga kwamfuta: a haska fararen layuka a gadon baya, kamara ta ɗauka, kwamfuta ta lissafa tudu da kwarin fatar, ta gano ƙashin wuya da 'yan ramukan nan biyu na saman ƙugu da kanta. Injin Formetric daga nan ya fito, daƙiƙu kaɗan yake ɗauka. A Oxford ma an ƙera irinsa, ISIS. Sannan a jami'ar fasaha ta Hong Kong an ƙera Scolioscan, mai aiki da sautin nan da ake duba masu ciki da shi. Ana bin ƙashin baya da shi daga ƙasa zuwa sama yaro na tsaye, ya zana layin ƙashin. Ni a ganina nan da ɗan lokaci eksire zai zama tarihi a wannan ciwon.

Dakta:
Bayaninka ya yi kyau ƙanena, amma jimlar ƙarshe ta yi sauri. Injin layukan haske fata yake gani, sai ya yi hasashen inda ƙashi yake. Kusurwar da yake bayarwa takan gaza ta Cobb, kuma tazarar na faɗaɗa in lanƙwasar ta yi girma ko yaron na da jiki. Ƙarfinsa a maimaitawa yake: a auna yau, a auna bayan wata uku, a ga ko siffar ta canza. Na sauti ya fi kusa da ƙashi, domin ƙashin yake gani, amma ɓangaren baya kawai, ba ya ganin gangar ƙashin da muke ja wa layi. Kuma ba ɗayansu da zai nuna mini ƙashin da aka haifi yaro da shi rabi, ko alamar Risser a ƙashin ƙugu da ke gaya mana saura nawa ya gama girma. Hoton farko dole ne. Hoton da za a yanke hukunci a kansa dole ne. Na tsakiya su ne abin tattaunawa, kuma a nan na yarda da ku: yaro mai ƙaramar lanƙwasa wanda awonsa na waje bai motsa ba, tsawonsa ma ya lafa, ba dalilin haska shi duk wata huɗu.

Yaya Ummi kuma, maganarki gaskiya ce, mu likitocin ƙashi mun daɗe muna kallon allo fiye da mai ciwon. Murɗewar ƙashi da siffar da haƙarƙari suka riga suka ɗauka ba sa komawa daidai don an rage Cobb. Ya kamata a auna tudun kafin aiki, a faɗa wa mutum abin da zai ragu da abin da zai saura.

Baban Sadiq:
To Dakta, in awon waje bai isa a yanke hukunci ba, mene ne amfaninsa ga uwa irin Maman Hanan? Ba ƙarin ruɗani ba ne?

Dakta:
Amfaninsa ya sa a zo da wuri. In an sa mata hoto wata shida, sai a wata na uku ma'auni ya tashi daga 6 zuwa 9, tsawonta ya ƙaru santimita 3, ba za mu jira wata na shida ba. Ka ga a nan awon waje bai rage hoto ba, matso da shi ya yi. Ɗanka irin wannan ƙararrawar ya rasa.

Baban Sadiq:
In dai haka ne na yarda. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ce wa uwa ta zauna a gida da waya.

Maman Hanan:
Daidai tambayar da zan yi ke nan. Na ga akwai manhajar waya da ke aikin sikoliyomita. In sauke in riƙa auna ta da kaina?

Anti Mai Gashi:
Wayar tana da abin gane karkata a cikinta, kuma an gwada irin manhajojin nan an ga suna kusa da ma'aunin asali in hannun ya ƙware. Matsalar gindin waya a miƙe yake, ba gurbi, sai ta hau kan ƙashin baya ta yi ta rawa. Masu yi sukan ɗora ta a kan manyan yatsu biyu, ɗaya kowane gefen ƙashin. Ki je a koya miki sau ɗaya ido da ido, a gwada naki da na asibiti a rana ɗaya. Kuma kada ki mayar da shi aikin kullum. Digiri ɗaya ko biyu na iya canzawa don ta ɗan lanƙwasa gwiwa ko ta juya kai, sai ki tayar da hankalinki ki tayar da nata. Sau ɗaya a wata ya wadatar.

Hoton baya kuma, in za ki ɗauka: wuri ɗaya, nisa ɗaya, ki sa alama a ƙasa inda za ta taka da inda za ki tsaya, kamara daidai tsakiyar bayanta, gashi a ɗaure sama, hannuwa a sake, kada ki ce mata ta miƙe, ta tsaya yadda ta saba. Ki nemi yardarta tukuna, jikinta ne. Kada fuska ta fito, kada ki turo shi nan ko wani zaure, likitanta kaɗai zai gani.

Yaya Ummi:
Ki ƙara da wannan: ranar awo kada ki yi shiru kina kallon lambar da fuskar damuwa. Fuskarki take karantawa. Ki gaya mata lambar da ma'anarta, shekara 12 ta isa ta gane. Kuma ki ce mata ba jakar makaranta ba ce, ba zamanta ko kwanciyarta ba ne ya jawo. Ni na yi shekaru ina zargin kaina.

Dakta:
Haka ne. Kusan kashi 80 cikin ɗari na masu sikoliyosis ba a san musabbabinsa ba, yana kama yara 2 zuwa 3 cikin ɗari a shekarun balaga, kuma ya fi yin nisa a mata. Yana bin dangi, don haka in tana da ƙanne ki duba su da gwajin sunkuyon nan. Ƙungiyoyin likitocin ƙashi da na yara a Amurka sun ba da shawarar a duba mata a shekara 10 da 12, maza sau ɗaya a 13 ko 14.

Abubuwan da ba a jira da su, ko ma'auni ya ce me: ciwon baya mai tashinta daga barci, sanyin ƙafa ko rauninta, canjin tafiya, matsalar riƙe fitsari, ko tudun ƙirji ya kasance a hagu maimakon dama. Waɗannan hoton maganaɗisu na MRI suke buƙata don a duba lakar. Shi ba shi da irin hasken eksire, amma da yake a kwance ake yinsa lanƙwasar takan ragu, ba a bibiyar digiri da shi.

Maman Hanan:
Salamu alaikum, na dawo da bayani bayan sati uku. Mun je sashen gashi, an ɗora mata sikoliyomita: 7 a wajen ƙirji ta dama, 3 a ƙasan baya ta hagu. An auna ƙafafunta, tsawonsu ɗaya. An koya mini da waya, nawa ya ba da 6, aka ce ba laifi. Na ja layi a bango na rubuta tsawonta da kwanan wata. Da aka ba ta zanen nan na jiki biyar, ta nuna na uku, mai duba ta ya ce a idonsa na biyu ne ya fi kama da ita. Sun daɗe suna magana su biyu ina waje, ta fito fuskarta a sake, a hanya ta ce mini kwiɓinta ne ya fi damunta, ba tudun ba. Ban taɓa sani ba.

Na koma wajen likitanmu da takardar. Ya ce a riƙa awon waje duk wata biyu, eksire kuma nan da wata huɗu ta baya, hoto ɗaya ba na gefe, sai in ma'aunin ya ƙaru da digiri 2 ko 3 kafin lokacin a matso da shi.

Dakta:
Tsarin ya yi. Ranar hoton ki tafi da tsoffin biyun, ki roƙa mutum ɗaya ya auna duka ukun a zama ɗaya, da ƙasusuwa iri ɗaya a sama da ƙasa. Ki kuma rubuta watan da ta fara al'ada in ta fara, za a tambaye ki.

Baban Sadiq:
Hajiya, ki sa ranar hoton a wayarki tun yau. Allah ya ba Hanan lafiya. Sadiq an sa masa ranar aiki wata mai zuwa, zan ce a auna tudun bayansa kafin a shiga da shi, a kuma tambaye shi abin da Yaya Ummi ta ce ba a tambaye ta ba. A sa mu a addu'a.